Ranar da Na Mai da Kawuna Baƙo

Sun rufe tsohuwar rijiyar garinmu da faifan siminti. An kafa famfo mai aiki da hasken rana, da tanki bisa ƙafafun ƙarfe, yara na zuwa da jarkoki a kan amalanke su cika su tafi, ko gumi ba su yi ba. Ban ce abin bai yi kyau ba. Ni da buta cike take gagarata ɗauka, wane ni in kushe famfo. Sai dai garin ya yi wani irin shiru da kunnena ya ƙi sabawa da shi. A zamaninmu ba zakara ke tashe mu ba, kukan igiya ne tana gogar icen bakin rijiya, da muryar mai korar bijimi yana lallashinsa ya ja, da fashewar ruwa in an juye wasaki, babban gugan fata, a komi, shanu na ture juna suna huci. Mata na jira da tuluna suna gardamar wa ta riga wa, Bafillace ya jingina da sandarsa yana kallon garkensa, Buzu ya durƙusar da raƙumi yana jiran a ce masa bisimilla. Tun safe har la'asar igiyar nan ba ta hutawa, har ta sassaƙa wa icen ramuka waɗanda yatsanka zai nutse a ciki. Yanzu in na fito, abin da nake ji babur ne da waƙar wayar yara.

Abin da ya tono mini wannan magana kuwa jikata ce, wadda ke karatu a Maradi. Ta zo hutu, ta zauna gindin itacen bedi da littafi tana ta motsa baki. Na ce, “Amarya, da wa kike faɗa?” Ta ce, “Tsoho, koma barcinka, wannan ya fi ƙarfin kanka.” Na ce ta dai gwada ni. Sai ta ce darasin a kan bambancin ƙasa ne da al'umma. Ƙasa, in ji malaminsu, ita ce mai iyaka da tuta da soja da doka, wadda ke ba ka takarda ta ce kai nata ne. Al'umma kuwa mutane ne da harshe ya haɗa, da tarihi da al'ada, ko an ba su takarda ko ba a ba su ba. Ta ce akwai ƙasa ɗaya mai al'umma da yawa a cikinta, akwai kuma al'umma ɗaya da aka raba wa ƙasashe biyu. Ta zuba mini ido tana jira in ce ban gane ba. Na ce ta yi karatunta da kyau, na ja tabarmata na koma wata inuwar. Ba rashin ganewa ba ne. Ni wannan darasi a kan kawuna na koye shi, kuma shi ya sha wahalar karatun, ba ni ba. Na raba mutum da rijiyar da ya haƙa da hannunsa, na mai da shi baƙo a garin da shi ya kafa. Ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba, yau dai zan faɗa.

Mu asalinmu mutanen kudu ne. Babana daga wajen Maradi ya taso, lokacin da gonakinsu suka gaji, ya yo arewa neman dajin da zai sara. Ƙasar Dakoro a lokacin sabara ce da kalgo da aduwa iyakar ganinka, sai barewa, sai makiyaya masu wucewa. Ƙasa ga ta nan a banza, ruwa ne babu. Shi ya sa al'adar wurin take haka: wanda ya haƙa rijiya har ya taɓo ruwa, shi ne uban wurin. Ba a naɗa masa rawani, ba a yi masa kiɗa. Amma in baƙo ya zo yana son inda zai yi gona, wurinsa ake kai shi. In makiyayi ya iso da garke, shi yake fara gaisarwa kafin ya jefa guga. In shanu sun shiga gero, a ƙofarsa ake zama a sasanta. Haka aka yi a garin Mai Yara, haka aka yi a garin Ɗan Gulbi, haka mu ma muka yi.

Wanda ya haƙa tamu kawuna ne, wan innata, uwa ɗaya uba ɗaya. An haife su a wani ƙauye kusa da Jibiya, wanda ya faɗa hannun Ingilishi lokacin da Nasara suka raba ƙasa tsakaninsu. Da aka aurar da innata ga babana ba wanda ya ce an kai ta wata ƙasa, tafiyar yini ce a kan jaki, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, zanen fuska ma ɗaya. Kawu gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ɓawon gawo, ga shi da bakin tsiya, ba ya ganin mutum ya ƙyale shi. Rani biyu ya yi a cikin ramin nan. A ɗaure masa igiya a ƙugu a zura shi da dagi, su Baba na sama suna jawo ƙasa kwando kwando, suna miƙa masa itacen da zai tokare bango. Da ya yi nisa, in ka leƙa ba ka ganinsa, sai dai ka ji waƙarsa na tasowa, ita ma rabinta zagin masu jan kwando ne. Ina ƙarami amma ban manta ranar da ya aiko da hularsa sama ba, cike da jiƙaƙƙen rairayi. Innata ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe. Daga ranar bai taɓa hana kowa ruwa ba, Bafillace ko Buzu ko matafiyi. In aka ce masa ruwan zai ja baya, sai ya ce, “Ni rami na haƙa. Ruwan ba ni na zuba shi ba.”

Ni kuwa rabona daban ne. Wata shekara gardawa, 'yan sandan Nasara, suka zo suna karɓar yaro ɗaya ɗaya don lakkol, makarantar Nasara, aka ba da ni. Innata ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira, sai dai “kai wannan”. A Maradi na ga taswira a karon farko. Malaminmu, wanda muke kira Mushe kamar kowane ma'aikacin Nasara, ya rataya ta a bango, ya ɗauki tsumagiya yana nunawa, muna maimaitawa da ƙarfi. Ɓangarenmu an shafa masa launi guda, na Ingilishi wani launin, ga layi baƙi a tsakani. Na nemi garin su innata na tarar yana ƙetaren layin. Maimakon abin ya ba ni mamaki, daɗi na ji, wai na san abin da duk garinmu ba wanda ya sani. Da na gama, Nasara ya riga ya kafa bariki a Dakoro, ana neman mai jin Faransanci, aka ɗauke ni tafintan Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Aka ba ni gajeren wando na kaki da riga mai aljihu biyu. Wallahi in ka ga yadda nake tafiya a lokacin, sai ka ce ni na ci ƙasar da yaƙi. Gemu bai gama fito mini ba, amma dattijai na cire mini takalmi, ni kuma ina hura hanci.

Cikin wata damina, gero ya fara fitar da kai, Kumandan ya fita rangadi. Aikin shi ne a rubuta kowane sabon gari, a rubuta mai garinsa, a sa shi ƙarƙashin sarkin kanto, wato hakimin yankin. Muka iso garinmu da hantsi, shi bisa doki, ni a bayansa, gardawa biyu na biye. Aka kafa masa ɗan teburinsa gindin aduwar da ke bakin rijiya. Maza suka zauna a gaba, mata suka tsaya can baya wajen zana. Ina saukowa ina gyara riga don kowa ya gani, sai Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Mushe, yunwa ake yi a bariki ne har kuka cinye rabin wandon?” Wurin ya ɗauki dariya. Gardawa na dariya, 'yan mata na rufe baki da gyale, har da wadda nake so a lokacin. Kumandan ya tambaye ni me ake wa dariya, na ce murnar zuwansa suke yi. Tun ina rarrafe Kawu ke tsokanata, kuma haƙƙinsa ne, shi ya yi mini baka na farko, shi ya koya mini ɗaurin igiya. Amma ranar sai maganar ta ci mini rai.

Ba zan ɗora wa wando laifin duka ba, ƙarya ce. Akwai wani abu da ya daɗe a raina. A bariki na lura 'ya'yan masu gari daban ake dubansu, ana ba su kujera. Sau da yawa a kan hanya nakan ce da ma Baba ne zai samu. Baba bai taɓa nema ba, bai ma san ina wannan tunani ba. Ni kaɗai nake kiwon abina a ciki.

Kumandan ya buɗe babban littafinsa ya ce wa ne shugaban wurin. Na fassara. Babana ne ya fara nuna Kawu, ya ce, “Ranka ya daɗe, ga shi nan. Shi ya haƙa.” Kowa ya ce haka ne. Kumandan ya tambayi sunansa da na ubansa, ya tambayi wane iri ne, aka ce Bakatsine. Ya dubi fuskar Kawu, ya dubi ta Baba, ya dubi tawa, ya ga zane iri ɗaya, ya gyaɗa kai. Ya tsoma alƙalami a tawada ya fara rubutu. Bai ƙara tambayar komai ba. Ina so a ji wannan da kyau, don shi ne abin da na kasa gafarta wa kaina: ba wanda ya tambaye ni. Da na haɗiye miyau sau ɗaya, da an gama. Sai na sunkuya na ce masa da Faransanci, a hankali, “A ƙasar Ingilishi aka haife shi.”

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, kuma ba duban yabo ba ne, duban wanda aka ƙara wa aiki ne. Ya ce, “Ka tabbata?” Yanzu na san ƙofa ya buɗe mini. Da na ce ban tabbata ba, da ya ci gaba da rubutunsa ya tafi cin abinci. Amma ɗan lakkol ba ya cewa bai sani ba. Na ce, “Na tabbata. Kawuna ne.” Ya ce in tambaye shi inda aka haife shi. Kawu ya faɗi sunan ƙauyensu da alfahari, har ya ƙara da cewa, “Ka gaya masa can Katsina ce, nan ma Katsinawa ne. Sarakunan Maradi ma ai daga can kakanninsu suka taso.” Kumandan ya saurara, ya ja layi a kan abin da ya fara rubutawa. Ya ce doka ba ta yarda mutumin sarkin Ingilishi ya riƙe gari a ƙasar Faransi ba. Ba a kore shi ba, in ji shi, zai iya zama, amma sai da takardar baƙo, wadda zai riƙa zuwa Dakoro ana sabunta masa kowace shekara.

Na mayar da maganar cikin Hausa. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya nuna wani Buzu da ke shayar da raƙumansa a komi ya ce, “Tambaye shi, wancan bawan Allah fa? Ban ƙi shi ba, ruwa ɗaya muke sha. Amma in zan yi magana da shi sai mun haɗa da hannu, bana yana Azagor, baɗi Allah kaɗai ya san inda yake. Shi ɗan gida ne?” Kumandan ya ce ƙwarai, shi mutumin Faransi ne. Kawu ya ce, “Ni kuma da na binne 'ya'ya biyu bayan wancan kalgon, ni ne baƙo.” Kumandan ya ce shi bai ce ba mutanen nan ne danginsa ba, kowa na gani. Dangi daban, hukuma daban. Shi hukuma yake wa aiki, kuma ita ba ta duban zanen fuska, inda aka haife ka take duba. Ina tsakani ina ta juya magana, ina yi wa Kumandan dogon bayanin da ba shi da kai, don dai kada in yi shiru in ji abin da zuciyata ke gaya mini. Mutane na ganin haka suka ɗauka roƙo nake yi.

Aka ce wa ke biye da shi, aka nuna Baba. Baba ya ce, “In ba shi ba, ba ni.” Kumandan ya ce to sai a haɗa mu da wani gari, mai garin can ya riƙe mu har da rijiyar. Kawu ya juya ya ce, “Karɓa, malam. Gara kai da wani.” Haka aka rubuta sunan babana. Da taro ya watse, Kawu ya zo ya dafa kaina a gaban kowa, hannun nan nasa mai kaushi, ya ce, “Na ga ƙoƙarinka, ɗana. Bakinka bai huta ba. Allah ya yi maka albarka.” Na ce amin. Kai, na ce amin, da bakin nan nawa. Na sha zagi a rayuwata, na sha mari a lakkol, amma ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar albarkar nan.

Baba ya tara mutane ya ce takarda takarda ce, mu mun san uban wurin, ba abin da zai sauya. Da gaske yake, kowa ma da gaske yake. Amma na ga yadda takarda ke cin al'ada a hankali, ba faɗa ba hayaniya. Gardi ya zo da saƙo, sunan Baba ne a bakinsa. Manzon sarkin kanto ya zo, gidanmu ya sauka. Baba na aika su wurin Kawu, su ce su ba su san shi ba. Sabon baƙo ya zo neman gona, yara suka kawo shi ƙofarmu, don nan suka ga dawakai na tsayawa. Kafin gero ya nuna, Fulani ma sun fara gai da Baba kafin su jefa guga, sannan su ɗaga wa Kawu hannu daga nesa. Ba wanda ya yi niyyar wulaƙanta shi. Shi ma ya rage tsokana, in na zo gida sai ya tambaye ni lafiyar aiki kamar yadda ake tambayar babban mutum. Na fi son ya zagi wandona sau ɗari.

Na ce bari in gyara abin da na ɓata. Na cika takardar baƙon da hannuna, na sa Kumandan ya sa hannu, na hau doki na kawo masa har gona, don kada ya sha wahalar zuwa Dakoro. A ganina alheri na yi. Ya ajiye lauje ya goge hannu a riga, ya karɓa ya juya ta, ya ce in karanta masa. Na karanta cewa mai wannan takarda baƙo ne, an yarda ya zauna shekara ɗaya. Ya ce, “Wa ya yarda?” Na ce hukuma. Ya ce, “Lokacin da nake cikin ramin can, numfashi na gagarata, ina hukumar take?” Ya miƙo mini ita ya ce, “Mai da masa. Ka ce na gode. Ni ban iya neman izinin shan ruwan da na haƙa ba.” Na ce, “Kawu, ai takarda ce kawai.” Ya ce, “Babanka ma haka ya ce.”

Da aka gama girbi ya cika rumbunsa ya ce na innata ne. Mutane suka yi ta roƙo, liman ya yi magana, Baba har da ƙwalla. Bai sauya ba. Abin da ya yi kafin ya tafi shi ne ya sa aka ɗaure masa igiya, ya shiga rijiyar ya yashe ta. Kwana uku yana fitar da laka, yana sauya itacen da suka ruɓe, ga shi ba yaro ba. Ya nuna wa samari inda bango ke da rauni, da yadda za su gane in rairayi zai zubo. Wani ya ce me ya sa yake wahalar da kansa tun da tafiya zai yi. Ya ce, “Don kada ku neme ni da wuri.” Ya ɗora wa jaki kaya, ya ɗauki daginsa, matarsa da ƙaramar 'yarsa na biye. Na raka shi har bayan gonaki ina neman bakin da zan faɗa masa gaskiya. Sau uku na buɗe baki, sau uku ina tambayarsa ko ya ɗauki isasshen ruwa.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin abin ba. Su an haife su da takarda, kowa da katinsa a aljihu, in ka tambaye shi ko shi wane ne sai ya faɗa maka sunan ƙasa kafin na ubansa. Ba laifinsu ba ne, kuma ni da na yi wa hukuma aiki har na tsufa ba ni da bakin zagin takarda. Na ga inda ta ƙwato wa maraya gona, na ga inda ta hana mai ƙarfi cin rarrauna. Amma mutanen wancan zamani ba su san kansu ta wannan hanya ba. Mutum ya san shi na wane ne ta wanda zai zo sunan ɗansa, da wanda zai ɗauki makararsa. Layin da ke taswira labari ne na Nasara, kamar yadda suke cin abinci da cokali. Ni ne na ɗauko layin nan daga bangon lakkol, na kawo shi har bakin rijiyarmu, na shimfiɗa shi tsakanin uwata da wanta. Nasara ma da ya zo da shi bai yi niyyar zaro shi ranar ba.

Labarin Kawu yakan zo mana ta bakin fatake masu kai hatsi kudu. Ba labari mai daɗi ba ne. Ya tarar gonakin ubansa wasu sun daɗe a ciki, ba shi da wurin sara. Can kuma mutumin Faransi suke ce masa. Sai ya koma haƙa wa mutane rijiya yana yawo gari gari, da furfura a kansa, har ƙirji ya kama shi. Duk wanda zai zo sai ya ba shi saƙo, “Ka gai da Mushe, ka ce ya riƙe aiki da kyau.” Innata kuwa duk shekarun nan ba ta sauya mini fuska ba. In na zo ta dama mini fura, ta ce “kai wannan, ka rame,” ta koma aikinta. Na ɗauka asirina ya rufu, tun da ba mai jin Faransanci a wurin ranar sai ni da Kumandan, shi kuma an daɗe da sauya shi.

Wata ranar kasuwa ina zaune a teburina a bariki, rana tsaka, sai gardi ya ce wata tsohuwa na nemana. Na fito na ga innata, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ba ta taɓa taka Dakoro ba sai ranar. Ta ce Kawu ya rasu, fatake sun kawo labari jiya, za ta tafi gaisuwa. Na yi salati. Ta bari na gama, sannan ta ce in rubuta mata takardar wucewa. Na ce, “Inna, ba ki bukata. Ki bi 'yan kasuwa, ba mai tsai da mace irinki.” Ta ce, “Rubuta dai.” Na shigo da ita, na ba ta kujera ta ƙi zama. Na ɗauko takarda na rubuta sunanta da na Baba. Da na iso wurin da ake sa inda aka haifi mutum sai na dakata, ina tunanin in sa Maradi.

Ba ta iya karatu ba, amma hannuna take kallo. Ta ce, “Me ya tsai da kai? Sa gaskiya. Ciki ɗaya muka fito da shi, abin da ka ce a kansa ka ce a kaina.” Na ɗago. Ta ce, “Ba na jin yaren Nasara, amma ina da ido. Ina tsaye wajen zana. Hannunsa na tafiya, ka sunkuya ka yi magana, ya tsaya. Kuma ban ga ya tambaye ka ba.” Ba ta ɗaga murya ba, gardin da ke ƙofa ma bai juyo ba. Na ji tawada na ɗiga a kan yatsana, na kasa ajiye alƙalamin. Da ƙyar na ce, “Baba ya sani?” Ta ce, “Da ya sani da bai ƙara kwana da sarautar nan ba, gari ya watse.” Na ce, “Kawu fa?” Ta daɗe tana dubana, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba tun da ta haife ni. Ta ce, “Ranar da zai tafi ya ce in kula masa da kai, wai kai kaɗai ka tsaya masa. Na ce to. Ka raba shi da rijiyarsa, ban ga dalilin da zan raba shi da ɗansa ba.”

Na rubuta sunan ƙauyensu, na buga hatimi, na miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙulle takardar a bakin zane. Na ce ta jira in nemi izini in raka ta, in ga kabarinsa, in roƙi gafara ko a bakin ƙasa ne. Ta ce, “Zauna ka riƙe aikinka, shi ya ce ka riƙe shi da kyau. Can duk sun san ka da ɗan kirki. In ka je za su yi ta sa maka albarka, ni kuma ba zan iya tsayawa ina ji ba.” Ta fita ta bi 'yan kasuwa. Na koma na zauna, akwai mutum shida a ƙofa suna jiran in rubuta musu takarda.